Jak Kusto, mai nutso a teku

Yaran da ke wanka a tabkin Madarunfa sun san abu guda. In mutum ya nutsa, ba ya daɗewa sai ya fito neman iska. Jak Kusto ya samo dabarar da mutum zai daɗe a ƙarƙashin ruwa, yana yawo kamar kifi.

An haifi Kusto a Faransa a shekara ta 1910. Ya shiga aikin sojan ruwa, amma burinsa ya tuƙa jirgin sama. Ana nan sai ya yi hatsarin mota, hannuwansa biyu suka karye. Tuƙin jirgi ya gagara. Ya riƙa iyo a teku kullum don hannuwan su yi ƙarfi. A 1936 wani abokinsa ya ba shi aron tabarau na nutso. Da ya leƙa cikin ruwa, ya ga abin da bai taɓa gani ba.

A 1943 shi da wani injiniya, Emil Ganyan, suka ƙera wata na'ura. Mai nutso yana goya tulun ƙarfe cike da iska, yana shaƙa ta baki daidai bukatarsa.

A 1951 Kusto ya tafi Bahar Maliya da jirginsa Kalifso. Wannan ce tekun da alhazanmu ke ƙetarewa zuwa Jidda. A can akwai duwatsun murjani, waɗanda ƙananan halittu ke ginawa a hankali. Wani wurin dutsen yana miƙewa ƙasa kamar bangon rijiya. A sama da haske, ga kifaye ja da ɗorawa, ga kififiya. Can ƙasa kuwa duhu ne da sanyi, manyan kifaye masu cin nama suna kewaya. Kusto ya ɗauki hotunansu a silima, duniya ta gani. A 1963 mutanensa suka yi wata guda cikin wani ɗakin ƙarfe, mita 10 a ƙarƙashin ruwa, kusa da gaɓar Sudan.

Da tafiya ta yi nisa, ya lura kifi yana raguwa, ƙazanta tana ɓata teku. Sai ya shiga gargaɗin mutane da hukumomi su kiyaye ruwa. Bai daina ba har ya mutu a Paris a 1997, yana da shekara 87.

Tambayoyi
1. Mi ya hana Kusto tuƙa jirgin sama?
2. Mi ya gani a Bahar Maliya?
3. Waɗanne abubuwa ke iya ɓata ruwan tabkin Madarunfa?