Ibnun Nafis da amanar jikin majinyaci

An haifi Ala'uddin Aliyu, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis, a ƙasar Sham wajen shekarar 1213. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri na Dimashƙa, sannan ya koma Alƙahira, inda ya zama shugaban likitocin Masar, yana kuma karantar da fiƙihun Shafi'iyya. Duniya ta fi saninsa da bayanin da ya yi a 1242, cewa jini ta huhu yake bi daga daman zuciya zuwa hagunta.

Ni kuwa da nake injiniya, abin da ya fi kama hankalina shi ne tsarin da ya shimfiɗa wa aikin tiyata a littafinsa Al-Shamil, wanda ya ƙudurta yi cikin mujalladi 300, ya kammala 80. Ya kasa aikin gida uku. Na farko lokacin miƙawa, inda majinyaci ke damƙa jikinsa, likita ya tantance ainihin gurbin cutar. Na biyu aikin da kansa. Na uku kiyayewa, har rauni ya warke. A sana'armu ma ba a gini sai an gwada ƙasa, ba a kuma barinsa ba kulawa.

'Yan uwa da ke zaune a ƙasashen waje, da yawanmu na fama da ciwon baya ko na gwiwa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A gida an san ƙaho da sakiya a hannun wanzami. A nan likita kan ba da shawarar allura a gadon baya, ko ƙona jijiyar da ke kai saƙon zafi. Mai jin zafi yakan yi gaggawar amincewa. Kafin sa hannu, mu tambaya: an tabbatar da tushen ciwon? Wa zai duba mu bayan aikin? Jiki amana ne a hannunmu kafin ya zama amana a hannun likita.

Masu tarihi sun ruwaito cewa a ciwon ajalinsa an ba shi shawarar shan giya a matsayin magani, ya ƙi. Ya rasu a Alƙahira a 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina. Allah Ya jiƙansa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.