Ladi Kwali: Maginiyar tukwanen da ke bayan Naira ashirin

Duk wanda ya juya takardar Naira ashirin zai ga wata mata ta duƙufa a kan tukunya. Ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa wajajen shekarar 1925 a garin Kwali, ɗaya daga ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya a yau. A ƙasar Gbagyi ginin tukwane sana'ar mata ce, ita ma tun tana ƙarama ta koye ta a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu take ɗora yumɓu bisa yumɓu tana kewaya randa har ta tashi, sannan ta zana mata kunama, kada, hawainiya ko kifi.

Tun kafin Turawa su san da ita, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara randunanta a fada. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yanzu. A can Michael Cardew ya gan su, wato Baturen Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka don inganta sana'ar tukwane, wanda ya kafa cibiyar koyarwa a garin. Cardew almajirin Bernard Leach ne, shi kuwa Leach a Japan ya koyi sana'ar, ya kuma kafa masana'antarsa a Ingila a 1920 tare da Shoji Hamada. Ta wannan doguwar hanya salon gashin tukwane na gabashin Asiya ya iso ga yumɓun Gbagyi.

A 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juyi, amma ba ta saki ginin hannu ba. Abin da ya sauya shi ne gashi. Randar gargajiya a fili ake gasa ta da itace da ciyawa, jikinta na tsattsafo, abin da ke sanyaya ruwa ke nan. Ta cibiyar kuwa ana shafa mata ruwan sheƙi, a gasa ta cikin rufaffen murhu mai tsananin zafi, ta fito da nauyi da ƙyalli, ba ta tsattsafo. Ta ƙara daraja a idon masu saye, sai dai ta tashi daga aikin randa ta koma kayan ado. Wannan ciniki ne da ba kasafai masu yabonta ke ambatonsa ba.

An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958, 1959 da 1962, ta kuma zaga Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ta samu lambar MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, duk da ba ta yi karatun boko ba.

Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Cibiyar ta Suleja na ɗauke da sunanta, haka ma wani titi a Abuja.