Jacques Cousteau: Mutumin da ya buɗe wa duniya ƙarƙashin teku

Masunta a gulbin Rima, daga Isa zuwa Sabon Birni, sun san iyakar nutso: numfashi na ƙarewa sai mutum ya taso. Wani Bafaranshe, Jacques Cousteau, na cikin waɗanda suka kawar da wannan iyaka.

An haife shi ranar 11 ga Yuni, 1910, kusa da birnin Bordeaux. Ya shiga sojan ruwa da burin zama matuƙin jirgin sama, amma hatsarin mota ya karya masa hannuwa. Iyon da ya riƙa yi don samun sauƙi ne ya ja shi ga teku.

A 1943, shi da injiniya Emile Gagnan suka ƙera Aqua-Lung: tukunyar iska da ake goyawa a baya, da na'urar da ke sakin iska daidai lokacin da mai nutso ya ja numfashi. Kafin nan, yawancin masu aiki a ƙasan ruwa sai sun sa hular ƙarfe mai nauyi, ana tura musu iska ta tiyo daga sama.

A 1950 ya samu jirgin Calypso. A 1952 ayarinsa ya fara tsamo tulunan zamanin da daga wani jirgi da ya nutse kusa da Marseille. A Bahar Maliya kuma ya gano Thistlegorm, jirgin Birtaniya da Jamusawa suka nutsar a 1941 da babura da motoci a cikinsa. A 1963 ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, gaɓar Sudan, inda mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10.

Fim ɗinsa Le Monde du silence ya ci babbar kyautar Cannes a 1956, ya nuna wa jama'a kifaye masu launi da murjani. Sai dai a cikinsa an ga ayarinsa na tayar da nakiya a ruwa don ƙirga kifi, abin da ya jawo masa suka daga baya. Cousteau ya sauya: a 1960 ya yi adawa da zuba sharar nukiliya a Bahar Rum, ya ƙare rayuwarsa yana kare teku.

Ya rasa ɗansa Philippe a hatsarin jirgin sama a 1979. Shi kuma ya mutu a Paris ranar 25 ga Yuni, 1997. An daɗe ana yaɗa cewa ya musulunta, amma gidauniyarsa ta musanta, kuma a cocin Notre-Dame aka yi masa addu'ar bankwana.

Darasinsa ya shafi gulbinmu: mai zuba guba don kama kifi da yawa yau, shi ke hana 'ya'yansa su gobe.