James Madison: Gajeren Mutumin Da Ya Raba Wa Amurka Iko

Yau filin namu na tarihi ya leƙa Amurka, inda za mu duba rayuwar James Madison, shugabanta na huɗu, wanda ake yi wa laƙabi da uban tsarin mulkin ƙasar.

An haife shi a jihar Bajiniya a 1751. Gajere ne, siriri, ga yawan laulayi, muryarsa ma da kyar ake ji a taro. Amma fa wajen karatu ba dama.

Bayan samun 'yanci daga Ingila, jihohi 13 kowace gashin kanta take ci. Gwamnatin tsakiya ko haraji ba ta da ikon karɓa, sai roƙo. Madison ya lura majalisun jihohi na danne marasa rinjaye, don haka a taron Filadalfiya na 1787 ya nemi a ba tarayya ikon soke dokar kowace jiha. Wakilai suka ƙi. Duk da haka ya tsaya wa sabon tsarin. Cikin maƙaloli 85 da shi da Hamilton da John Jay suka rubuta don kare shi, 29 nasa ne.

Masu adawa kuwa tsoronsu kada tarayya ta haɗiye kowa. Shi ya sa a 1789 ya gabatar da gyare-gyare, aka amince da 10 a 1791: 'yancin addini, da na faɗin albarkacin baki, da shari'ar adalci. Na goman ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a miƙa wa tarayya ba. Ya kuma so a hana su jihohin taɓa 'yancin addini da na jarida, majalisar dattawa ta yi watsi da shi. Sai a 1868, bayan yaƙin basasa, aka yi gyaran da ya buɗe wannan hanya.

A 1798 tarayya ta kafa dokar ɗaure masu sukar gwamnati. Nan take Madison ya juya, ya rubuta wa majalisar Bajiniya ƙudurin ƙin amincewa. Ya yi mulki daga 1809 zuwa 1817. Da Karolina ta Kudu ta soke dokar harajin tarayya a 1832, ya fito yana tsoho tukuf ya nuna jiha ɗaya ba ta da wannan hurumi. Wasu suka ce baki biyu gare shi. Mu dai a ganinmu, duk ɓangaren da ya ga ya fara ƙetare iyaka, shi yake taka wa burki.

Sai dai ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Wannan mai kare 'yanci ya mallaki bayi fiye da 100, kuma har ya mutu a 1836 bai 'yanta su ba.

To, ina ruwanmu? Tsarin shugaba mai cikakken iko da Nijeriya ta ɗauka a 1979 daga can aka aro shi. Mu da muke zaune a sabo, aka haife mu nan amma ana tambayarmu takardar asalin jiha, mun fi kowa sanin nauyin tambayar da Madison ya sha fama da ita: in jiha ta tauye mutum, wa zai kai wa kuka? In kuma tarayyar ce, wa zai tsawata mata?

Allah Ya ba mu shugabanni adalai, amin. Sai fitowa ta gaba.