Alƙali David Davis na Amurka

An haifi David Davis a Maryland cikin 1815. Da ya ƙare koyon shari'a, sai ya zauna a Illinois. Cikin 1848 aka zaɓe shi alƙalin rangadi, yana zaga garuruwa tare da lauyoyi, cikinsu har da Abraham Lincoln. Aminci ya ƙullu tsakaninsu, har Davis ya yi tsayuwar daka aka tsai da Lincoln takarar shugaban ƙasa cikin 1860. Lincoln kuwa ya naɗa shi alƙali a Kotun Ƙoli cikin 1862.

A zamanin yaƙin basasa, kotun soja ta yanke wa wani farar hula, Milligan, hukuncin rataya a Indiana. Gwamnatin Lincoln ce ta ba da iznin irin kotunan nan. Duk da haka, cikin 1866, bayan rasuwar amininsa, Davis ya rubuta hukuncin da ya rushe shari'ar, ya nuna soja ba su da ikon hukunta farar hula muddin kotunan gari suna aiki.

Cikin 1877 ya koma Majalisar Dattawa, ya riƙe shugabancinta daga 1881 zuwa 1883. Ya rasu cikin 1886.

Abin da ya sa muke tuna shi ke nan: bai bar alherin aboki ya rufe masa ido ga doka ba.