Viktor Hes: Malamin Da Ya Auno Tururin Sararin Samaniya

A wannan makon za mu kawo wa masu karatu tarihin marigayi Viktor Hes, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya sa ransa cikin haɗari saboda awo. 'Yan kasuwarmu na Nima da Mamobi sun san cewa idan aka yi gardama kan nauyin buhu, sikeli ne ke raba ta. Haka abin yake wajen masana.

An haifi Hes ranar 24 ga Yuni, 1883. Mahaifinsa jami'in gandun daji ne. Ya yi karatu a Jami'ar Giraz, daga 1910 kuma ya kama aiki a cibiyar binciken sinadarin rediyom da ke Biyana.

A lokacin, masana sun lura akwai wani tururi da ido ba ya gani yana ratsa iska, akasarinsu kuma sun ɗauka daga duwatsun ƙasa yake fitowa. In haka ne, ya kamata ya riƙa raguwa idan mutum ya yi sama. Da yake gani ya kori ji, sai Hes ya riƙa shiga kwandon balan-balan da na'urorinsa, dare da rana. Ranar 17 ga Afrilu, 1912 ya tashi ana husufin rana, bai ga tururin ya ragu ba, sai ya fahimci ba rana ce babban tushensa ba. Ranar 7 ga Agusta ya kai kimanin mita 5,300 ɗauke da ma'auni uku, domin kowanne ya zama shaidar ɗan'uwansa. Tururin ya ɗan ragu da farko, sannan ya yi ta ƙaruwa har ya ninka na ƙasa. Ashe daga sama yake saukowa.

Wasu manyan masana sun daɗe suna tababa, amma a 1936 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Bayan shekara biyu 'yan Nazi suka kore shi daga aiki, ga matarsa Bayahudiya ce. Suka tsere Amurka, ya koyar a Jami'ar Fodam da ke Niyok. Ya rasu ranar 17 ga Disamba, 1964.

Daga baya an gano cewa tururin ƙwayoyin zarra ne masu tsananin gudu, kuma maganaɗisun duniya ya fi kore su a kusa da tsakiyarta, don haka abin da ke sauka a Ankara bai kai na Turai ba. A 2011 aka ɗaura na'urar AMS a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ta ƙirga biliyoyinsu. Masana kan kwatanta yawan sinadarin boron da na kabon a cikinsu, su gwada da lissafinsu na doguwar tafiyar da suka yi tsakanin taurari. Lissafin da ya saɓa wa awo, ajiye shi ake yi, komai girman mai shi.