Ibnu Sina da Littattafansa

A zamanin nan, in ana so a san matsayin mai bincike cikin ilmin magani ko kimiyya, akan yi masa ƙirga biyu. Da fari a ƙirga abin da ya rubuta aka buga, sa'an nan a ƙirga ko sau nawa waɗansu masana suka ambaci aikinsa cikin nasu rubutun. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da babban kundin irin wannan lissafi a 1964. Amma al'adar ambaton magabata ta girmi kundin nesa ba kusa ba, malamanmu na zaure ma sun san ta, gama ba a yarda mutum ya kawo mas'ala bai faɗi littafin da ya samo ta ba. To, ga labarin wani wanda in da za a yi masa wannan ƙirga, kaɗan ne za su kamo ƙafarsa. Mu duba mu ga abin da ƙirgar ke nunawa da abin da take ɓoyewa.

Sunansa Abu Aliyu Husaini ɗan Abdullahi, amma an fi saninsa da Ibnu Sina. An haife shi wajen shekara ta 980 a wani ƙauye da ake kira Afshana, kusa da birnin Bukhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Ubansa mutumin Balkhu ne, ma'aikacin sarakunan Samaniyawa. Yana da shekara goma ya haddace Alƙur'ani. Ya yi fiƙihu wurin Isma'ila Zahidi, ya fara manɗiƙi da lissafi wurin wani malami Natili, ba a jima ba almajiri ya wuce malaminsa. Da ya kai shekara goma sha shida sai ya duƙufa kan ilmin magani. Abu ɗaya ya gagare shi, watau littafin Aristotal kan asalin samuwar abubuwa. Ya karanta shi sau arba'in har ya haddace, bai fahimta ba. Ran nan a kasuwar littattafai wani dillali ya tallata masa ɗan littafin Farabi a kan dirhami uku, ya saya ba da son ransa ba, ashe mabuɗin ke nan. Shi da kansa ya ba da wannan labari cikin tarihin rayuwarsa, bai ɓoye sunan wanda ya buɗe masa hanya ba.

Ana nan sai Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kwanta ciwo. Aka kira saurayin cikin masu yi masa magani, da sarki ya sami sauƙi sai ya ba shi iznin shiga ɗakin littattafan fada. Nan ya sha karatu har ya ƙoshi. Amma daɗin bai daɗe ba, don a 999 mulkin Samaniyawa ya faɗi, daga baya ubansa ya rasu, sai ya shiga yawon neman sarkin da zai riƙe shi. Ya zauna Gurganju ta ƙasar Khawarizmu, ya wuce Jurjan kusa da Tekun Kasfiyan. A can, wajen 1012, ya gamu da Abu Ubaidu Juzjani, almajirin da bai sāke rabuwa da shi ba. Ibnu Sina ba ya ajiye kwafin abin da ya rubuta, yakan ba wanda ya roƙa ya tafi da shi. Juzjani ne ya riƙa matsa masa ya yi rubutu, yana tattara takardun, shi ne kuma ya ƙarasa tarihin malaminsa. Ba don shi ba da abu mai yawa ya salwanta.

Daga Jurjan ya tafi Rayyu, sa'an nan Hamadan, duk cikin ƙasar Iran ta yau. A Hamadan ya warkar da Sarki Shamsuddaula daga murɗawar ciki, sarki ya naɗa shi waziri. Da rana yana aikin fada, da dare almajirai su taru gidansa ana karanta littattafansa. Sojoji suka yi masa bore har ya ɓuya kwana arba'in, kana aka mai da shi. Da sarkin ya rasu a 1021 sai ya ƙi bauta wa magajinsa, ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna. A wannan maɓoya ya rubuta sashe mai yawa na littafin Shifa, ganye hamsin kowace rana, ba wani littafi a gabansa sai abin da ke kansa. Aka gano shi, aka tsare shi wata huɗu a kurkukun Fardajan, can ma bai ajiye alƙalami ba. Daga baya ya sulale zuwa Isfahan cikin shigar sufaye, Sarki Ala'uddaula ya karɓe shi da girmamawa. Yana tare da sarkin nan a wata tafiya ciwon ciki ya kama shi, ya rasu a Hamadan a 1037. Kabarinsa yana can har wa yau.

To, ga ƙirga ta fari. Waɗansu sun kai littattafai da risalolin da aka jingina masa 450, wajen 240 suka wanzu. Amma lissafin nan bai tsaya daidai ba. Masu bincike sun gano da yawa ba nasa ba ne, an dai liƙa musu sunansa don su karɓu. Wani babban littafi nasa na gaskiya, Kitabul Insafi, ya ɓace sa'ad da rundunar Mas'udu na Gazna ta washe kayansa. Wani sashe kuma na Shifa, inda ya yi bayanin duwatsu da ma'adinai, ya kuma ƙaryata masu cewa suna mai da dalma zinariya, da aka juya shi cikin Latin sai aka haɗa shi da wani littafin Aristotal. Shekaru masu yawa Turawa suna ambatonsa da sunan Aristotal. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya fi suna cikin littattafansa shi ne Alƙanun fiɗ Ɗibbi, da ya gama a 1025. Kashi biyar ne. Na ɗaya ƙa'idodin lafiya da cuta, na biyu magunguna tilo wajen 800, na uku cututtukan gaɓoɓi daga kai har ƙafa, na huɗu waɗanda ba su keɓanta da gaɓa ɗaya ba, kamar zazzaɓi da karaya da dafi, na biyar haɗe-haɗen magani. Mafi yawan abin da ke ciki ya samo shi daga Jalinusu, likitan Yunanawa, da waɗansu magabata, amma ya tsara shi yadda ɗalibi zai sami abin da yake nema ba wahala. Ya kuma kafa sharuɗɗan gwada magani. Daga cikinsu akwai cewa a gwada shi kan cuta guda wadda ba ta gauraya da wata ba, a ga yana aiki kullum ko galibi, kuma abin da ya yi a jikin doki ko zaki ba hujja ba ne ga jikin mutum.

Ƙirga ta biyu kuwa ba ta da iyaka. A Gabas malamai suka yi ta yi wa Alƙanun sharhi da taƙaitawa. Ibnu Rushdi na Andalus ya yi sharhin waƙarsa ta magani. Fakhruddini Razi da Nasiruddini Ɗusi sun yi jayayya kan littafinsa Al'isharat, ɗaya na suka, ɗaya na kāre shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa don rushe waɗansu ra'ayoyinsa na falsafa. A Yamma, Gerard mutumin Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya juya Alƙanun cikin Latin a birnin Toledo. An buga shi da Latin a Milan a 1473, da Ibrananci a Naples a 1491, da Larabci a Roma a 1593. Tsakanin 1500 da 1674 an buga shi, dukansa ko wani sashe, wajen sau sittin. A waɗansu jami'o'in Turai ana karantar da shi har wajen 1650. Ba duka masu kiran sunansa ke yabonsa ba, don a 1527 wani likita Paracelsus ya jefa littafin cikin wuta a bainar jama'a a birnin Basel.

Amma ga abin lura. Jalinusu ya ce jini yana ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta waɗansu ƙananan hudoji da ke jikin bangon tsakiya, Ibnu Sina ya bi shi a kan haka. Dubban ɗalibai suka haddace wannan, suka ambata, suka wuce. Sai wani likita da ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, Ibnu Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya zauna yin sharhin sassan Alƙanun da ke bayanin ƙirar jiki. Ya ce bangon nan ba shi da huda ko ɗaya, jini yana fita daga ɗakin dama ne ya bi ta huhu, ya gauraya da iska, sa'an nan ya komo ɗakin hagu. Gaskiya ke nan. Amma maganarsa ba ta yaɗu ba, aka ci gaba da ambaton kuskuren, har William Harvey na Ingila ya bayyana kewayawar jini duka a 1628. Sai a 1924 wani likita Bamisire, Muhyiddini Taɗawi, ya fito da bayanin sharhin nan daga wani rubutun hannu da ya tarar a ɗakin littattafan Balin ta ƙasar Jamus, sa'an nan duniya ta san abin da Ibnu Nafis ya gano.

Ya 'yan'uwa, mu da ke shirin zama malamai, wannan labari namu ne. Yawan ambato yana nuna nisan da littafi ya kai, ba ya nuna wane shafi ne daidai, wane ne kuskure. Cikin dukan waɗanda suka karanta Alƙanun, wanda ya fi ba shi haƙƙinsa shi ne wanda ya auna shi ya gyara, ko da yake shi ne aka fi mantawa da gyaransa. Gobe za a ba kowannenmu aji da littafin koyarwa, yara kuwa za su ɗauki abin da muka faɗa kamar yankan wuƙa. In mun ɗauko magana, mu faɗi inda muka samo ta, kamar yadda Ibnu Sina ya ambaci Farabi. In mun ga kuskure, mu bincika mu gyara cikin ladabi, ko da littafin na babban malami ne. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.